Tau Biyu da Rabi

Alhamis, 18 ga Afrilu, 1974, bayan la'asar

Yaya Goni ya dawo yau a bayan motar kanwa. Shi kaɗai. Landirofarsa tana can daji tsakanin Potiskum da Jakusko. Matarsa Kubura tana Gashuwa, garin iyayenta, inda ya ce zai kai ta goyon ciki. Ya kai ta. An binne ta jiya da hantsi, da abin da ke cikinta.

Inna ta tambaye shi sau uku. Abin da ya ce kawai, "Inji ne ya cije." Tun azahar ɗin Talata suna gindin wata aduwa, babu motar da ta gifta sai da rana ta faɗi. Saura bai faɗa ba. Abin da direban kanwar ya gaya mini a zaure kuwa, ba zan rubuta ba.

Littafin nan maigidana Oga Boniface ya ba ni don in riƙa rubuta awon silinda. Na juya shi na fara ta baya. Shafukan gaba ban buɗe ba.

Juma'a, 19, bayan magariba

Zaman makoki a ƙofar gida. Direbobin tasharmu sun cika tabarma uku.

Wani ya ce, "Ba sabon aiki aka yi wa injin nan ba?"

Wani ya ce, "Ko sati bai yi ba. A garejin Boniface na Sabon Gari."

Wani dattijo mai jar dara ya ce, "Ai ku ne kuke kai musu wuyanku." Ya kira Oga da sunan nan da ake kiran mutanensu. Sai ya juyo gare ni. "Kai Modu, ba can kake aiki ba? Shekara nawa?"

Na ce huɗu.

"To kun ji. Motar yayan yaronsa ma bai ƙyale ba."

Na duba Yaya Goni. Yana jan carbi, idonsa a kan tabarma.

Da la'asar Oga ya zo gaisuwa da takalminsa na coci. Tun daga nesa ya tuɓe su. Ya durƙusa ya ce Allah ya ji ƙanta, da Hausarsa da ta fi ta wasunmu, don a Sabon Gari aka yanke masa cibiya. Mutum biyu suka ce amin.

Asabar, 20, hantsi

Ban je shago ba. Na ce wa Inna kaina ke ciwo.

Litinin, 22, azahar

Bari in rubuta yadda aikin yake, ko zuciyata ta zauna.

Fistin yana hawa da sauka a cikin ramin silinda. In inji ya tsufa, mu yanke ramin ya ƙara faɗi, mu sa fistin mai girma. Amma dole a bar rata tsakaninsu, don ƙarfe in ya ji wuta kumbura yake, fistin kuma ya fi bulok, wato gangar jikin injin, saurin kumbura. Rata ta yi yawa, mota ta yi hayaƙi, ta sha baƙin mai. Rata ta yi kaɗan, fistin ya cika ramin a tsakiyar hanya ya cije. Ta Landirofa tau biyu da rabi muke bari. Tau kuwa shi ne a raba inci gida dubu a ɗauki ɗaya. Gashin kan mutum ya fi ratar nan kauri. Da geji muke aunawa, wani siririn ƙarfe kamar ganyen ciyawa. A zura shi tare da fistin a ja. Hannu ne yake faɗa, ba ido ba.

Oga yana da doka ɗaya. In an yanka, ba a aunawa ran nan. Sai bulok da fistin sun kwana tare ƙarƙashin buhu ɗaya a lungun shago, a auna da sassafe kafin rana ta taɓa kwano. Yakan ce, "Ango da amarya ma sai sun kwana ɗaki ɗaya ake sanin ko za su zauna." Direbobi suna masa dariya, suna ce masa Limamin Ƙarfe. Tun da arzikin mai ya shigo kowa ya yi mota, kowa yana sauri. Wasu gareji ka kawo da safe ka ɗauka da yamma.

Yau na tarar ya share garin ƙarfen da na bari a gindin injin yanka. Daga Juma'ar Ista har Litinin ɗinta bai leƙo shago ba. Makulli yana wurina.

Bai ɗago kai ba ya ce, "Modu. Na motar Goni, sun kwana tare?"

Na kau da kai.

Ya ce, "To." Ya miƙo mini tsumma. Can da aka jima ya ce, "Duk injin da ya fita ta ƙofar nan ni na yi shi. Sunana ne a allo. Je ka wanke bulok ɗin can."

Laraba, 24, bayan magariba

An jawo Landirofar. A tasha suka sauke injin suka buɗe kai. Silinda ta uku ce ta cije, ta biyu ma ta fara. Fistin ya goge jikin ramin kamar an ja akuya a kan tsakuwa. Sun ɗora bulok ɗin a kan benci, duk wanda ya zo sai ya zura yatsa ya girgiza kai, har masu sayar da rake.

Mutum biyu sun zo shago sun ɗauke bulok ɗinsu ba a yanka ba. Oga da kansa ya taya su ɗorawa a amalanke.

Alhamis, 25, bayan asuba

Muna dawowa daga masallaci Yaya Goni ya riƙe hannun rigata a lungun bayan Kwari.

Ya ce, "Na ga bakinka yana motsi kwana biyun nan."

Na ce, "Yaya, ka san Oga ba ya nan ranar."

"Ban san komai ba."

"Kai ka ɗaga mini…"

"Na ce ban san komai ba. Kai ma ba ka sani ba. Na rasa mata, na rasa ɗa. So kake Inna ta riƙa kallonka tana ganin Kubura? So kake yayyenta su zo daga Gashuwa su tambayi sunanka? Shi yana da garinsu. Kai ina za ka?"

Na ce nan ne garinsu.

Ya saki rigata. Ya ce, "Ka rufe bakinka, Modu. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Ya taɓa. Sau ɗaya. Ranar Asabar ɗin Ista.

Juma'a, 26, la'asar

Tau biyu da rabi. Hannuna ya ji. Na rantse hannuna ya ji.

Asabar, 27, hantsi

Mun tarar an cire allon shago an jefa a kwata, an ƙona taya a bakin ƙofa. Tela maƙwabcinmu ya ce bai ga kowa ba, ya ja labulensa.

Oga ya tsamo allon ya wanke, ya kwantar da shi a ƙasa yana miƙe shi da guduma a hankali, kamar aikin da aka kawo masa. Ya ce, "Harafi ɗaya ne ya goge. Yanzu na zama Bonifac. Ya ma fi sauƙin kira."

Ban yi dariya ba. Shi ma bai yi ba.

Sarkin Tasha ya aiko. Ran Alhamis da azahar a zauna a rumfar tasha, a yi magana a gaban kowa kafin yara su yi abin da ba a sa su ba. Oga ya ce wa ɗan aiken zai zo, kuma duk abin da aka yanke ya ɗauka.

Lahadi, 28, la'asar

Madam Obiageli, matar Oga, ta aiko a kira ni. Rabona da gidan tun kafin Ista. Na tarar an sauke labule, an ɗaure tukwane cikin zane. Hoton ɗansu Innocent ma an cire daga bango, sai wurin ya rage fari. Innocent ba ya cikin waɗanda suka kai tashar jirgi a shekarar da aka gudu. Ba a maganarsa a gidan.

Ta ajiye mini shinkafa ta ce, "Ci."

Na ce na ƙoshi.

"Ci, Modu. Shekara huɗu kana cin tukunyata, yau ba za ta kashe ka ba."

Na ci. Ta zauna tana kallona.

Ta ce, "Ranar Asabar ɗin Ista mijina yana coci tun safe yana gyaran benci. Mutum ɗari sun gan shi. Amma wa zai je ya tambayi mutanen coci?"

Ta ci gaba da magana.

"Wancan karon ma da allo aka fara. Ya ce mu jira, mutanenmu ne, sun san mu. Na jira. Ba zan ƙara ba. Jirgin Asabar, ni da 'ya'yanmu mata. Shi ma in aka ɗora masa ran Alhamis, dole ya biyo mu. Ka san abin da ya ce da na ce ya faɗi gaskiya? Wai kai ɗan Malam Bukar ne, ba zai faɗa ba."

Ba ta roƙe ni ba. Da za ta raka ni ƙofa sai ta ce, "Ka gaida Inna."

Litinin, 29, azahar

Mun wanke sifana har waɗanda ba su yi datti ba.

Talata, 30, bayan magariba

Akwai wani tsohon bulok na Landirofa a bayan shago. Jiya da sassafe na auna shi da wani fistin, gejin tau ɗaya ne kawai ya shiga, shi ma da ƙyar. Yau na jawo shi tsakar rana tun hantsi. Fistin kuma na ajiye a gindin randa, inda ƙasa take da laima. Da azahar bulok ɗin ba ya taɓuwa sai da tsumma. Na zura fistin, na zura gejin biyu da rabi.

Ya shiga. Ya fito da ɗan ja, daidai yadda Oga ya koya mini.

Na zauna a ƙasa. Sannan na buɗe shafukan gaba na littafin nan. Ga shi da rubutuna: Asabar 13, Landirofar Y. Goni, duka huɗu biyu da rabi.

To bari in rubuta. Tun Juma'a bulok ɗinsa yake waje, don ni kaɗai ba zan iya shigar da shi ba. Asabar da rana tsaka Yaya Goni ya zo ya ce Kubura ta shiga wata takwas, surukansa sun aiko sau biyu, ana masa gori wai ya riƙe 'yar mutane da cikin fari. Na ce a jira Oga ran Talata. Ya ce Talata yake so ya kama hanya. Na ce su hau jirgin Nguru. Ya ce mai mota ya kai matarsa a jirgi, a ce me? Ya ce, "Shekara huɗu, har yanzu sai an riƙe maka hannu?" Shi ya ɗaga mini bulok ɗin daga rana zuwa kan inji. Na yanka, yankan ma ya ƙara masa zafi. Fistin suna cikin kwalinsu a gindin randa. Na ce su kwana. Ya ce, "Ƙarfe ne, Modu, ba mutum ba." Na auna. Na ji daɗin yadda gejin ya ja. Na tuna har murmushi na yi.

Da na koma gida na tarar Inna tana tankaɗe. Ita ta fara maganar. A shekarar gudu Baba ne ya ɗauko injin yankan Oga a amalanke, ya lulluɓe shi da buhunan kanwa, ya shigar da shi madafinta. Shekara huɗu tana girki a tsakar gida, tana shanya kuɓewa a kansa. Kullum takan ba da labarin tana dariya, yadda Oga ya dawo ya rungume injin yana kuka, ya ce a ba shi ɗa ɗaya ya koya masa.

Yau ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ashe maciji muka yi wa ajiya. Gara da babanku bai ga wannan rana ba."

Laraba, 1 ga Mayu, la'asar

Oga ya ga tsohon bulok ɗin a rana. Ya taɓa shi da bayan hannu, ya duba gindin randa. Ya ce, "Mayar da shi inda yake."

Na ce to. Ban mayar ba.

Alhamis, 2, bayan magariba

Na ari baro wurin mai gawayi. Tun ƙarfe goma na ajiye bulok ɗin a filin tasha inda babu inuwa. Fistin na naɗe a jiƙaƙƙen buhu.

Rumfa ta cika. Oga yana zaune a kan benci shi kaɗai, ba wanda ya raɓe shi. Yaya Goni yana kusa da Sarkin Tasha. Mai jar dara ya yi magana mai tsawo. Da ya gama aka ce Oga ya yi tasa. Ya miƙe ya ce, "Aikin shagona ne. Ba ni da abin cewa."

Na ce, "Alhaji, a ba ni izini."

Sarkin Tasha ya ce, "Kai kuma da baro? Dankali ka kawo mana?"

Na ce ya taso ya ja wani abu da hannunsa. Ya taso yana tattare babbar riga. Na zura fistin da geji. Na ce, "Ja, Alhaji." Ya ja. Na ce wannan ita ce ratar da ake bari, ko ba haka ba? Bakaniken tasha ya karɓa ya ja, ya ce haka ne, aiki ya yi kyau.

Na roƙi ruwan randarsu. Na tura baron inuwa na yi ta kwarawa, bokiti huɗu, har ƙarfen ya yi sanyi. Muka jira. Wani ya ce wankan gawa ake yi ne? Na sake zura fistin. Na miƙa wa Alhaji gejin. Ya tura, ya ƙi. Ya sake turawa har gejin ya lanƙwashe.

Na ce, "Rami ɗaya ne, fistin ɗaya ne. Ɗazu rana ce ta buɗe shi. Wanda ya auna da zafi zai rantse ya bar rata, alhali bai bari ba. Oga Boniface bai taɓa aunawa da rana ba, duk kun sani, shi ya sa kuke masa dariya."

Alhaji ya ce, "To wa ya auna da rana?"

Na ce, "Ni. Ranar Asabar ɗin Ista. Yana coci."

Oga ya ce, "Ƙarya yake, Alhaji. Yaro ne, tausayi yake ji."

Na ciro littafin na buɗe shafin. Na ce a duba rubutun wa.

Alhaji ya dube ni, ya dubi Oga. Ya ce, "Shekarata talatin a tasha, kullum gudun laifi ake. Yau ga mutum biyu suna wawarsa kamar naman layya." Ba wanda ya yi dariya. Ya juya. "Goni, motarka ce. Wa ka ba?"

Carbin ya tsaya a hannun Yaya Goni. Ya ce, "Ni na ɗaga masa bulok ɗin. Ya ce a bari su kwana, na hana." Ya miƙe ya sa takalmi ya fita ta tsakiyar mutane.

Mai jar dara ya fara cewa ai duk da haka wanda ya bar wa yaro makulli… Alhaji ya ce, "Malam, ya isa. A yi fatiha."

Aka watse ɗaya ɗaya. Ba wanda ya ce wa Oga yi haƙuri. Ni ma ba wanda ya ce mini komai, sai dai inda na bi a buɗe mini hanya, fiye da yadda baro yake bukata.

A hanya Oga ya ce, "Ka lanƙwasa mini geji." Shi ke nan abin da ya ce har Sabon Gari.

Juma'a, 3, bayan magariba

Tun ina yaro kwano ɗaya muke ci da Yaya Goni. Yau Inna ta aiko biyu. Nawa a zaure aka ajiye.

Na ji ta tana kuka a madafi. Ban shiga ba.

Asabar, 4, azahar

Na ɗauka tunda an wanke Oga, Madam za ta kwance kayan. Ba ta kwance ba.

Na kai musu akwati tashar jirgi a ka. 'Yan matan suna ta murna za su ga kogi. Oga ya sa takalmin coci, ya tsaya da hannu a baya. Ya ce mata ƙura ta lafa. Ta ce wancan karon ma ta lafa kafin ta tashi. Ta ce in Kirsimeti ta zo allon yana nan a rataye, ta ga abin da za ta yi.

Da ta hau ta leƙo ta taga. Na ce, "Madam, ki yafe ni."

Ta ce, "Sati biyu, Modu. Da ran da ya zo gaisuwa ka faɗa, da ban sauke hoton ɗana ba."

Jirgi ya tashi. Oga bai ɗaga hannu ba. Mun tsaya har aka daina jin ƙararsa.

Lahadi, 5, hantsi

Inna ta amsa gaisuwata. Ba ta ɗago ba, amma ta amsa.

Litinin, 6, bayan magariba

Da safe aka kawo bulok ɗin Yaya Goni daga tasha a amalanke, ba saƙo. Oga ya zagaya shi, ya zura yatsa a ta uku, ya ce zai yanku, sai dai a ƙara girman fistin. Ya je kanti ya dawo da huɗu a kwali.

Na ja baya don ya hau inji. Ya ce, "Ina za ka? Wa ya ɓata?"

Na yanka. Oga yana zaune a bakin ƙofa yana kallon titi, bai juyo ba ko sau ɗaya. Da na gama muka kinkima tare zuwa lungu. Na jera fistin huɗun a jikinsa, na rufa musu buhu.

Dab da magariba inuwa ta tare ƙofa. Yaya Goni ne. Bai shigo ba. Ya gaida Oga, Oga ya amsa. Ni bai dube ni ba, buhun yake kallo.

Ya ce, "Yaushe?"

Na ce, "Sai sun kwana. Gobe da sassafe a auna, in Allah ya kai mu."

Ya ce, "A bar su. Babu inda za ni."